Nauyin oksalet ya ƙi zuwa daidai da lissafi a TGA: daga ina matsalar take?

Aminu Rafin Daɗi
Assalamu alaikum malamai da 'yan uwa na wannan zaure. A taimaka a duba mini sakamakon TGA (awon nauyin samfur yayin da ake gasa shi) da DTA (awon zafin da yake sha ko yake fitarwa) na samfur biyu. Na farko oksalet ɗin kalsiyam ne, CaC2O4·H2O, miligiram 18, an gasa shi daga digiri 30 zuwa 900, ana hawa digiri 10 a minti, kuma takardar sakamakon ta ce cikin naitirojin aka yi. Matakin farko ya zubar da kashi 15.1 cikin ɗari na nauyinsa, na biyu 18.6, na uku 29.2, saura 37.1. Lissafi kuwa 12.3 ya bayar a matakin farko. Sannan wajen digiri 490 DTA ta nuna samfurin yana fitar da zafi, alhali an koya mana shan zafi yake yi a wurin. Na biyun oksalet ɗin baƙin ƙarfe ne, FeC2O4·2H2O, miligiram 8, shi ma naitirojin, abin da ya rage kashi 43.6. Fe3O4 zan rubuta ko Fe2O3?

Dakta Hadiza Ƙofar Sauri
Wa'alaikumus salam Aminu. Mu fara da kalsiyam, don lambobinka da kansu sun ba da amsa. Nauyin mol ɗaya na CaC2O4·H2O giram 146.11 ne. Ruwa 18.02 zai fita, kashi 12.3 ke nan, tsakanin digiri 100 da 200 ko sama kaɗan. Daga nan CO mai 28.01 ya fita wajen 400 zuwa 500, kashi 19.2, a bar CaCO3. A ƙarshe CO2 mai 44.01 ya fita daga wajen 650 zuwa 800, kashi 30.1, a bar CaO kashi 38.4.

To raba matakinka na uku da na biyu: 29.2 a raba da 18.6 ya ba da 1.57. Raba 44.01 da 28.01, shi ma 1.57 ne. Ma'ana ɓangaren oksalet ɗin lafiyarsa ƙalau, kowane CO ɗaya da ya fita CO2 ɗaya ya biyo shi. Ruwa ne kawai ya yi yawa, shi ya ja sauran matakan ƙasa. In ka lissafa 15.1 bisa 18.02, ka raba da 84.9 bisa 128.10, za ka samu ruwa 1.26 ga kowane kalsiyam, ba 1.00 ba. Yaya ka haɗa shi, kuma da wane ruwa ka wanke?

Aminu Rafin Daɗi
Dakta, ruwan CaCl2 aka zuba wa ruwan amoniyam oksalet gaba ɗaya, dukansu da sanyinsu, aka tace nan take, aka wanke da tataccen ruwa na lab, aka shanya a kan takardar tacewa kwana ɗaya.

Malam Sani Daura
Nan gizo ke saƙar. In aka haɗa su da sanyi, da kauri, cikin hanzari, ba mai ruwa ɗaya kaɗai ke sauka ba, mai ruwa biyu yakan shigo ciki, wanda shi ruwansa kusan kashi 22 ne. Su ne nau'i biyun da ake samu a tsakuwar ƙoda. Ƙari a kan haka garin yakan fito da laushi sosai, sai ya riƙe danshi a jikinsa. Ka buɗe layin DTG, wato na saurin zubar nauyi, ka gani: in zubar ta fara tun ƙasa da digiri 80, ko ka ga tudu biyu a manne a matakin farko, to abin da ya faru ke nan.

Ga yadda za ka sake. Narka giram 1.47 na CaCl2·2H2O a mililita 150 na tataccen ruwa, ka ɗiga HCl har ya yi tsami, ka sa ɗigo biyu na metil red. Ɗumama zuwa digiri 80 ko 90. Zuba giram 1.6 na amoniyam oksalet da aka narkar a ruwan zafi mililita 50. Sai ka riƙa ɗiga ruwan amoniya mai sirki a hankali kana juyawa, har launi ya koma rawaya daga ja. Bar shi da zafinsa awa ɗaya don ƙwayoyin su girma. Tace, ka wanke da ruwa mai sanyi kaɗan-kaɗan har ruwan wankin ya daina yin fari da AgNO3, ka ɗauraye da asiton, ka busar a digiri 60, ka ajiye a desiketa, rufaffen mazubi mai hana danshi. Kusan giram 1.46 ya kamata ka samu. Kuma kar a kuskura a taɓa shi da ruwan rijiya ko na burtsatse ko da a ɗaurayar kwalba ne, don magniziyam ɗin cikinsa yana sauka tare da shi.

Dakta Hadiza Ƙofar Sauri
Wannan maganar magniziyam ɗin ita ce dalilin da ya sa na fara da raba matakan nan biyu. Oksalet ɗin magniziyam ba ya tsayawa a karbonet, CO da CO2 tare suke fita wajen 400 zuwa 500 a bar MgO. Da ya shiga samfurinka, mataki na biyu zai kumbura, rabon ya faɗi ƙasa da 1.57. Naka bai faɗi ba, don haka wannan ƙofar a rufe take.

Injiniya Lawal Ƙofar Kaura
Ni abin da ya fi damuna tudun zafin nan na digiri 490 ne. Kafin komai, duba kibiyar da ke gefen zanen, domin wasu injuna sama suke nuna fitar zafi, wasu ƙasa. Hanya mafi sauƙi: matakin fitar ruwa da na fitar CO2 dukansu shan zafi ne a kowace irin iska. In na tsakiyar ya juya musu baya, to da gaske zafi yake fitarwa.

In kuwa haka ne, akwai oksijin a tanderun. Rushewar CaC2O4 zuwa CaCO3 da CO shan zafi ne, amma ɗan kaɗan. CO ɗin da ya fito in ya tarar da oksijin sai ya ƙone ya zama CO2, wannan kuwa kilojul 283 yake saki a mol ɗaya, sai ya danne ɗan shan zafin gaba ɗaya. Ma'auni ba zai gaya maka ba, tunda ko ya ƙone ko bai ƙone ba, nauyin da ya bar ƙoƙon kashi 19.2 ne. In ƙoƙon na filatinam ne abin ya fi tsanani, don filatinam yana hura wannan ƙonuwar.

Wuraren da oksijin ke shiga sanannu ne: ba a bar naitirojin ya kori iskar tanderu ba kafin a fara, zoben robar bakin tanderu ya bushe ya tsage, tiyon roba mai laushi a tsakanin tukunyar gas da inji, ko kuma tukunyar kanta ta masu walda ce ba mai tsarki 99.999 ba. A bar gas ya gudana mililita 50 zuwa 100 a minti na rabin awa kafin a kunna zafi. In ana so a tabbatar, a gasa oksalet ɗin jan ƙarfe a ciki. Wajen digiri 300 yake rushewa ya bar garin jan ƙarfe tsantsa, kusan kashi 42 na nauyin busasshen gishirin. In layin ya kwanta bayan nan, tanderun a toshe yake. In ya fara hawa yana neman 52 na CuO, iska na shiga.

Maryam Dutsin-Ma
Injiniya, akwai wata alama da ido ke gani. A naitirojin mai tsarki, in aka tsayar da gashin a digiri 550 aka buɗe, karbonet ɗin toka-toka yake fitowa, ba fari fat ba, saboda wani ɓangare na CO yana rabuwa ya zama gawayi da CO2. A iska kuwa fari yake fitowa. Wannan gawayin shi ke sa wani lokaci mataki na biyu ya ɗan gaza 19.2 ko da komai daidai ne.

Aminu Rafin Daɗi
Allah ya saka da alheri. Na duba, tudun tsakiyar ya saɓa wa sauran biyun, kuma DTG tana da kafaɗa wajen digiri 75. To ke nan na baƙin ƙarfen ma ba a naitirojin na gaskiya aka yi shi ba?

Malam Kabir Funtuwa
Haka nake gani, kuma ni da Fe2O3 zan tafi. Nauyin mol na FeC2O4·2H2O 179.89 ne. Ruwa biyu kashi 20.0. Abin da zai rage in Fe2O3 ne 44.4, in Fe3O4 ne 42.9, in FeO ne 39.9, in ƙarfe tsantsa ne 31.0. Tunda an riga an gano oksijin na shiga, kuma garin da ke fitowa daga oksalet ɗin baƙin ƙarfe ba ya jure ko ƙanƙanin oksijin, to 43.6 hematayit (Fe2O3) ne da ɗan kuskuren awo. Ka duba launin abin da aka dawo maka da shi, ka kuma kai masa maganaɗisu. In ja ne kuma bai bi ba, an gama.

Dakta Hadiza Ƙofar Sauri
Malam Kabir, a nan ban bi ka ba. Tsakanin 42.9 da 44.4 kashi 1.5 ne. A samfur mai miligiram 8 wannan miligiram 0.12 ke nan. Ƙoƙon da babu komai a cikinsa ma, in ka gasa shi zuwa 900, ma'auni zai nuna kamar ya ƙara nauyi, domin iskar da ke tallafe da shi tana yin shara-shara in ta yi zafi. A injuna masu tsayayyen tanderu wannan kaɗai yana iya kai girman bambancin da muke gardama a kai. In ba a gasa ƙoƙo fanko da tsari iri ɗaya an cire layinsa daga na samfur ba, 43.6 ba ta isa ta raba gardamar ba. Ta yiwu ma cakuɗa ce ta biyun.

Maganaɗisu kuma yana yaudara. Oksalet ɗin baƙin ƙarfe in ya sha oksijin a ƙaramin zafi yana iya ba da magemayit, wanda shi ma Fe2O3 ne, nauyinsu ɗaya da hematayit, amma yana bin maganaɗisu kamar magnetayit (Fe3O4). Ko a XRD, gwajin da ke duba tsarin kiristal da hasken X-ray, layukan magemayit da magnetayit kusan a kan juna suke, bambancin faɗin ɗakin kiristal ɗinsu 8.35 ne da 8.40 a ma'aunin angstrom. Sai an yi awon a tsanake, ko a kai ga gwajin Mössbauer mai bambance yanayin baƙin ƙarfe.

Ga wani abin kuma. FeO ba ya zama lafiya ƙasa da digiri 570, rabuwa yake yi: 4FeO ya koma Fe3O4 da Fe. Nauyi bai motsa ko kaɗan ba, 39.9 ne kafin da bayan. Wato ko ka ga lambar FeO daidai wa daida, ba lallai FeO ne a ƙoƙon ba.

Malam Kabir Funtuwa
Dakta, maganar magemayit gaskiya ce a ƙaramin zafi. Amma shi har 900 ya kai. Magemayit ba ya rayuwa zuwa nan, tun da sauran nisa yake juyewa hematayit. Don haka a wannan samfurin gwajin maganaɗisu yana da amfani: in ya bi, akwai magnetayit ko ƙarfe a ciki. Kuma siffar layin ma shaida ce. In oksijin ya wadata, fitar ruwa da ƙonewa a manne suke, kafin digiri 300 an gama komai, da babban tudun fitar zafi. In babu oksijin, bayan ruwa ya fita wajen 200 sai layi ya kwanta a kashi 80 na ɗan lokaci, rushewar ta zo can wajen 350 zuwa 400, tana shan zafi.

Dakta Hadiza Ƙofar Sauri
A kan 900 ɗin na yarda, maganaɗisu zai nuna ko akwai magnetayit. Abin da ba zai nuna ba shi ne nawa ne, tunda kaɗan ma ya isa ya ja garin duka. Aminu, kar ka rubuta sunan ko ɗaya a rahotonka sai da XRD. Kuma a sani, abin da XRD za ta gani shi ne garin bayan ya huce ya sha iska, ba lallai abin da ke ƙoƙon a digiri 450 ba.

Injiniya Lawal Ƙofar Kaura
A kan wannan hucewar, a yi hattara. Garin ƙarfe, nikel ko kobalt da ya fito daga oksalet a iskar da babu oksijin yana da laushin da in ya haɗu da iska da ɗuminsa zai iya kamawa da wuta da kansa. A bar gas yana gudana har zafi ya sauka ƙasa da digiri 50 kafin a buɗe. Kuma kar a sa irin waɗannan a ƙoƙon filatinam, ƙarfen da ya fito yana shiga jikin filatinam a babban zafi ya lalata shi. Na alumina ake amfani da shi. Na alminiyam na DSC (wani injin awon zafi) kuwa kar ya wuce 600, tunda a 660 yake narkewa. Oksalet ɗin azurfa ban ba kowa shawarar ya sa shi a inji ba, yana iya fashewa tun wajen digiri 140.

Zainab Ƙofar Marusa
Malamai ina da tambaya, ku yi haƙuri in ta koma baya. Me ya sa kalsiyam ke tsayawa a karbonet, tutiya ta tafi oksayid, nikel kuma ya koma ƙarfe, alhali duk oksalet ne?

Malam Sani Daura
Tambaya ce mai kyau Zainab, ita ce ma gindin maganar. Abu biyu ake dubawa. Na farko, a zafin da oksalet ke rushewa, karbonet ɗin wannan ƙarfen zai iya tsayawa? Na sodiyam, fotasiyam, kalsiyam, sitironshiyam da bariyam suna iyawa, don haka CO kaɗai ke fita. Na2C2O4 misali, 134.00 ya koma 105.99, zubar kashi 20.9. Na magniziyam da tutiya ba sa iyawa, sai a zarce oksayid. ZnC2O4·2H2O yana zubar da ruwa kashi 19.0, ya ƙare a ZnO kashi 43.0, ko a iska ko a naitirojin.

Na biyu, oksayid ɗin zai iya riƙe oksijin ɗinsa a gaban CO? Na magniziyam da tutiya suna riƙewa a wannan zafin. Na nikel, kobalt da jan ƙarfe ba sa iyawa, shi ya sa a naitirojin ƙarfe ake samu da CO2 biyu. NiC2O4·2H2O yana ƙarewa a kashi 32.1 a naitirojin, a iska kuwa 40.9 na NiO. Kobalt 32.2 a naitirojin, 43.9 na Co3O4 a iska, kuma in ka ci gaba zuwa wajen 900 za ka ga wani ɗan mataki inda Co3O4 ke sakin oksijin ya koma CoO. Baƙin ƙarfe a kan iyaka yake zaune, abin da zai zama ya danganta da yawan CO, CO2 da tururin da ke kwance a kan garin. Shi ya sa zurfin ƙoƙo, murfi, da yawan samfur duk suke canja masa sakamako.

Maryam Dutsin-Ma
Ko kalsiyam ɗin ma miligiram 18 ya yi yawa. Fitar ruwa da fitar CO2 duka masu komowa ne, wato gas ɗin yana iya sake shiga garin, in gas ɗin ya taru a tsakanin ƙwayoyi sai ya riƙe rushewar, matakin ya matsa gaba ya yi faɗi. A cikin CO2 tsantsa mataki na uku ba ya farawa sai wajen digiri 900. Miligiram 5 zuwa 10 a baje a gindin ƙoƙo, ba a danna ba. Saboda haka in ka ga takardar wani ta ce 780 taka ta ce 740, ba lallai wani ya yi kuskure ba. Kashin nauyi ne ba ya canjawa, zafin matakin kuwa na tsarin gwajin ne.

Aminu Rafin Daɗi
Na fahimta. Saura batun ƙarfin tayar da rushewa, wato Ea. An ce in fitar da shi da hanyar Coats da Redfern daga wannan layin guda.

Malam Kabir Funtuwa
Ana yi, kuma don aikin digiri na biyu da kuɗin gwaji ya yi tsada ban ga laifinsa ba, in dai ka faɗi hanyar da ka bi.

Dakta Hadiza Ƙofar Sauri
Ni ina ganin laifinsa, Malam. Hanyar ta 1964 ce, kuma matsalarta sananniya ce: daga layi ɗaya, tsare-tsaren lissafi da yawa za su ba ka miƙaƙƙen layi mai kyau, kowanne da Ea ɗinsa daban, wani ya ninka wani. Ba ka da hujjar zaɓen ɗaya. Shawarar kwamitin ICTAC (ƙungiyar masana awon zafi ta duniya) ta 2011 ita ce a yi da saurin hawa daban-daban, aƙalla uku, gara huɗu ko biyar. A ce 2, 5, 10 da 20 a minti, nauyin samfur iri ɗaya. Mafi sauƙi hanyar Kissinger ta 1957: ka ɗauki zafin ƙololuwar DTG (Tp) a kowane saurin hawa (β), a Kelvin, ka zana ln na β bisa Tp² a kan 1 bisa Tp, gangaren shi ne Ea bisa R (tsayayyar lambar gas) da alamar ragi. In kana son ganin ko Ea na canjawa yayin rushewar, sai hanyar Ozawa da Flynn da Wall. Amma duk wannan ba ya aiki a matakin da CO ke ƙonewa, domin samfurin ya fi abin da inji ke rubutawa zafi. A gyara iskar tukuna. In kuɗi bai kai ba, gara rahoto ya tsaya a matakai da nauyi, shi ma aiki ne cikakke.

Injiniya Lawal Ƙofar Kaura
Wanda zai yi gudu huɗun nan ya lissafa wuta. Daga 30 zuwa 900 a digiri 10 minti 87 ne, a digiri 2 kuwa minti 435, sama da awa bakwai. In aka ɗauke wuta a tsakiya, wannan gudun ya tafi, ba a ɗorawa daga inda aka tsaya. Sai da inbata mai ƙarfi, kuma janareta ya yi nisa da ɗakin don girgizarsa tana fitowa a layin ma'auni. Dabara ita ce a taƙaita zangon: in mataki na biyu kake nazari, ka hau da sauri zuwa 250, ka tsaya minti goma ruwa ya gama fita, sannan ka bi a hankali zuwa 560.

A kuma tambayi yaushe aka daidaita zafin injin. Na TGA da maganaɗisu ake yi, nikel yana sakin sa wajen digiri 358. Na DTA da narkewar indiyam a 156.6, tutiya a 419.5 da alminiyam a 660.3. In za a haɗa da MS, injin da ke tantance gas ta nauyin ƙwayarsa, kar a yi da naitirojin, shi da CO dukansu 28 ne. Agon ko hiliyam.

Malam Sani Daura
Ga masu koyarwa a inda babu injin, matakan kalsiyam ukun nan ana nuna su da tanderun lab da ma'auni mai lamba huɗu. Giram 1.000 a ƙoƙon tangaran da aka riga aka gasa aka auna. Awa ɗaya a 230, a huce a desiketa, a auna, a maimaita har nauyi ya tsaya: 0.877. Awa biyu a 500: 0.685. Awa ɗaya a 900: 0.384. Na ƙarshen ne ke ba da wahala, don CaO yana zuƙar danshi da CO2 tun yana kan ma'auni, in ya koma Ca(OH)2 gaba ɗaya 0.507 za a gani. Da hunturu abin da sauƙi, da damina kuwa lamba tana hawa kana kallo, sai da murfi da hanzari. Giram ɗayan nan yana sakin CO kusan mililita 170, saboda haka a buɗe tagogi ko a yi a ƙarƙashin mazuƙar hayaƙi.

Aminu Rafin Daɗi
Na gode ƙwarai malamaina. Zan sake haɗa na kalsiyam da zafi. Na baƙin ƙarfen shi ma a sake, ko a mayar da wanda ke hannu?

Dakta Hadiza Ƙofar Sauri
In launinsa rawaya ne tas, mayar da shi. In ya fara yin ruwan ƙasa, sake: giram 5.0 na gishirin Mohr (salfet ɗin baƙin ƙarfe da amoniyam) a ruwa mililita 25 da mililita 1 na H2SO4 mai mola 2, ka zuba giram 2.5 na oksalik asid da aka narkar, ka tafasa kaɗan, ka wanke da ruwan zafi har BaCl2 ya daina nuna salfet, don ragowar salfet yana kawo ƙarin zuba sama da digiri 500. Iyakar abin da za ka samu giram 2.29 ne. A takardar aikawa ka rubuta ƙoƙon alumina, miligiram 10, korar iska rabin awa, gudun ƙoƙo fanko, gudu ɗaya a naitirojin ɗaya a iska, a dawo maka da ragowar garin a rufaffiyar kwalba, kuma a ba ka lambobin a fayil, ba hoton zane kaɗai ba. In sun zo ka sako su nan mu lissafa tare.